Yadda Ake Gane Zamanin Tsohon Babur ɗin Tsere Kafin a Karanta Sunansa

Na daɗe ina tara hotunan tsofaffin baburan tsere, kuma kuskuren da na fi yi da farko shi ne saurin kai ido kan tanki. Da na ga an rubuta Norton ko Gilera, shi ke nan, a ganina na gama sanin abin da ke gabana. Wata rana na tura wa wani dattijon makanike da muke musayar hotuna hoton wani Norton mai ƙyalli, na rubuta masa cewa ga babur ɗin 1950. Amsarsa gajeriya ce: "Yaro, ka dubi birkin gabansa kuwa?" Na koma na duba, ashe birkin faranti ne, abin da bai shiga filin tsere ba sai bayan wajen shekara ashirin. Tun daga ranar, idan aka nuna min tsohon babur, sai in rufe sunan da babban yatsa, in fara daga ƙasa in yi sama.

Dalilin da ya sa wannan hanya take aiki shi ne babur ɗin tsere ba ya ɗaukar kayan ado. Duk ƙarfen da ka gani a jikinsa, ko dai wata doka ce ta tilasta shi, ko kuwa wani abokin hamayya ne ya hana maƙerinsa barci. Idan ka san dokar, ka san abokin hamayyar, shekarar za ta fito da kanta.

Fara da ƙafafu

Dubi abin da ke juya tayar baya. Idan bel ne, kuma ga feda irin ta keke, to kana gaban kakan kowa. Haka baburan suke a 1907, shekarar da aka fara tseren TT, wato Tourist Trophy, a Tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ayalan. An kai tseren can ne saboda Birtaniya ta hana tsere a kan titin jama'a, tsibirin kuwa yana da majalisarsa da take iya rufe hanya. Charlie Collier ya ci ajin masu silinda ɗaya a kan Matchless, Rem Fowler ya ci na masu silinda biyu a kan Norton. A shekarar da ta biyo aka hana feda, don ana zargin wasu da ƙafa suke hawa tudu. A 1911 aka koma hanyar dutse mai tsawon mil 37.5 a lokacin, wato kilomita 60 da ɗoriya, sai ga baburan Indian na Amurka, masu sarƙa da giya biyu, sun kwashe na ɗaya da na biyu da na uku. Dutsen ne ya koya wa maƙeran Ingila cewa bel da giya ɗaya sun gama yayi.

Daga nan duba ko akwai shokazoba a baya. Idan tayar a ɗaure take kai tsaye da ƙashin babur, babu abin da ke lanƙwasawa, mai yiwuwa kafin Yaƙin Duniya na Biyu ne. A gaba ma haka: ƙarafa masu kama da ɗan tsani da sifirin a tsakiya na tsohon zamani ne, bututu cikin bututu irin wanda muka saba gani ya fara bayyana a shekarun 1930, ya game ko'ina bayan yaƙi.

Akwai ƙashin babur guda ɗaya da ya kamata ka haddace kamanninsa. Bututu biyu ne, kowanne ya zagayo inji ya dawo wuya, kamar an yi wa injin shimfiɗa. 'Yan'uwan McCandless na Belfast ne suka ƙera wa Norton shi, aka fito da shi a 1950, kuma wani ɗan tsere da ya gwada shi ya ce kamar yana kan katifar gashin tsuntsu, sunan Featherbed ya bi shi har yau. Injin Norton mai silinda ɗaya bai kai na Italiyawa ƙarfi ba, amma da wannan ƙashi Geoff Duke ya ci kambin duniya na 350cc da 500cc a 1951, don abin da ake tsere masa a miƙaƙƙiyar hanya yana fanshewa a kwana.

Birki da taya ba sa buƙatar dogon bayani. Babban kwano a tsakiyar tayar gaba, da baki da ke shaƙar iska don sanyaya shi, na shekarun 1950 da 1960 ne. Faranti ya shigo a farkon shekarun 1970. Taya sumul marar zane ta biyo baya a tsakiyar shekarun, tare da wili na zubi maimakon na waya. Ƙashi mai kauri na alminiyam, wanda ya rungumo inji ta gefe biyu, na shekarun 1980 ne zuwa sama.

Salansa ita ce ba ta ƙarya

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya kawai in duba, salansa zan zaɓa. Iri biyu za ka riƙa gani. Ɗaya tana farawa siririya ta buɗe a ƙarshe kamar kakaki. Wannan ta inji mai bugu huɗu ce, wato mai tashin wuta sau ɗaya a juyi biyu, irin Norton, Gilera, MV Agusta da Hondan shekarun 1960. Ɗayar tana kumbura a tsakiya kamar macijin da ya haɗiye ƙwai, sannan ta tsuke ta ƙare da ɗan siririn bututu. Wannan ta inji mai bugu biyu ce, mai tashin wuta a kowane juyi, kuma a cikin wannan kumburi rabin tarihin tseren yake.

Inji mai bugu biyu ba shi da bawul, ramuka ne a bangon silinda da fistan ke buɗewa yana rufewa. Matsalarsa ita ce lokacin da sabon mai da iska ke shiga, ƙofar hayaƙi tana buɗe, sai wani kaso ya bi hayaƙi ya tafi a banza. Walter Kaaden, injiniyan kamfanin MZ a Jamus ta Gabas, shi ya ƙware wajen sa bututun ya yi aikin bawul. Wurin da ya buɗe yana zuƙo hayaƙi waje, wurin da ya tsuke kuma yana mayar da bugun iska baya, ya tura man da ya tsere ya koma cikin silinda daf da rufewar ƙofa. Da kuɗi kaɗan da kayan aiki na talauci ya fitar da ƙarfin da manyan kamfanoni suka kasa fahimta.

A 1961 direbansa Ernst Degner yana daf da cin kambin 125cc, sai ya tsere zuwa Yamma bayan gasar Suwidin, ya koma Suzuki da abin da ya sani a ka. Shekara ɗaya tak bayan haka ya ci wa Suzuki kambin 50cc na farko. Har gobe ana gardama a kan Degner, wasu na cewa ya nemi 'yancin iyalinsa, wasu na cewa ya ci amanar maigidansa. Ni dai duk lokacin da na ga kumburarriyar salansa a jikin babur ɗin Japan, Kaaden nake tunawa, mutumin da ya yi shuka wasu suka girbe.

Wannan dabara tana da farashi, kuma farashin ma alama ce a gare ka. Bututun yana aiki ne kawai a wani ɗan tsukin gudun inji, ƙasa da haka babur ya mutu murus, sama da haka ma haka. Shi ya sa ƙananan baburan shekarun 1960 suka tara giya kamar hauka, har Suzuki mai 50cc ya kai giya 14. Sannan injin yakan ƙame ba sallama idan zafi ya yi yawa, tayar baya ta kulle. Ka lura da hannun hagun direbobin wannan zamani a hoto, za ka ga yatsa ɗaya ko biyu a kan kuloci koyaushe, suna jiran wannan lokaci.

Idan ka ga lagireto tare da kumburarriyar salansa a babur ɗin da ba na kamfani ba, mai yiwuwa Yamaha TZ ne, wanda aka fara sayarwa a 1973. Kowa da kuɗinsa yana iya saye ya shiga gasa, kuma shekaru da yawa su ne suka cika layin farawa na 250cc da 350cc.

Ƙirga silinda, sannan ka tambayi dalili

Bi bututun hayaƙi daga inda suka fito, ka ƙirga. Nan ne labarin yake da daɗi.

Kafin yaƙi, hanyar samun ƙarfi ita ce famfon da ke cusa wa inji iska da ƙarfin tsiya. Da irinsa Georg Meier ya ci babban tseren TT na 1939 a kan BMW, mai silinda biyu da suka leƙo hagu da dama. A 1946 hukumar tseren babura ta duniya ta haramta famfon. Saboda haka duk babur ɗin gasar kwalta da ka gani da shi, ka ajiye shi kafin wannan shekara. Akwai wanda dokar ta rutsa da shi a tsakiya, AJS da ake kira Porcupine, wato beguwa, saboda ƙayoyin sanyaya inji da ke kansa. An tsara shi da niyyar sa famfo, aka hana, ya fito haka nan, kuma duk da haka Leslie Graham ya ci kambin 500cc da shi a 1949, shekarar da aka fara gasar duniya a ƙarƙashin wannan hukuma, wato FIM.

Da aka toshe wannan hanya, sai Italiyawa suka koma ƙara silinda. Huɗu a jere, a gicciye, iska ke sanyaya su: mai yiwuwa Gilera ne ko MV Agusta. Duke kansa ya bar Norton ya koma Gilera, ya ci 1953, 1954 da 1955, abin da bai yi wa mutanen ƙasarsa daɗi ba. A kan Gilera ne kuma Bob McIntyre ya fara zagaye hanyar dutsen Tsibirin Man da matsakaicin gudun da ya haura mil 100 a awa, a 1957.

Idan ka ƙirga ka samu takwas a 500cc, babur ɗaya ne a gasar duniya, Moto Guzzi na Giulio Carcano, daga 1955 zuwa 1957, da kafireta takwas ƙanana. Kowa shi yake ɗauka hoto, amma bai taɓa cin kambi ba. Wanda na fi girmamawa shi ne ƙaninsa marar kwarjini, mai silinda ɗaya a kwance tana kallon tayar gaba, mai 350cc, wanda saboda rashin nauyi da ƙanƙan da kai ga iska ya ci kambi shekara biyar a jere, 1953 zuwa 1957. A ƙarshen 1957 Gilera da Moto Guzzi da Mondial suka janye saboda tsadar abin, aka bar wa MV Agusta fili. Baburansa masu launin ja da ruwan azurfa suka riƙe kambin 500cc shekara 17 ba yankewa, daga 1958 zuwa 1974, ta hannun John Surtees, Gary Hocking, Mike Hailwood, Giacomo Agostini da Phil Read. Ka kula, MV ɗin da aka fi sanin Agostini da shi silinda uku gare shi, kada ka ga ja ka ce huɗu ba ka ƙirga ba.

Shida a 250cc kuwa Honda ne. Sun fara zuwa Tsibirin Man a 1959 da ƙananan babura 125cc, ana yi musu kallon baƙi masu koyo, a 1961 suka ci kambin 125cc da 250cc. Da masu bugu biyu na Yamaha da Suzuki suka taso musu, lissafin ya zama mai sauƙi: mai bugu biyu yana tashin wuta a kowane juyi, mai bugu huɗu sai a juyi na biyu, don haka dole Honda ya ninka gudun juyi. Fistan babba ba ya jure wannan, sai a rarraba shi ƙanana. Haka aka samu silinda shida da bawul 24 a injin da ke juyi wajen 18,000 a minti, da kuma mai silinda biyar a 125cc. Hailwood ya ci kambin 250cc da mai shidan a 1966 da 1967. Bayan nan Honda ya janye, FIM kuma ta taƙaita giya zuwa shida, ta ce 125cc da 250cc kada su wuce silinda biyu, manya kada su wuce huɗu. To ka ga, duk abin da ya wuce wannan iyaka a waɗannan azuzuwa, kafin 1970 aka yi shi.

Daga nan mai bugu biyu ya hau babban aji. Agostini, mai kambi 15, shi ne ya fara cin 500cc da irinsa, a kan Yamaha a 1975. Barry Sheene ya biyo a 1976 da 1977 da Suzuki RG500, wanda silindansa huɗu suke zaune biyu gaba biyu baya. Kenny Roberts ya zo daga Amurka ya ci uku a jere daga 1978, da salon zamiya da ya koyo a filin ƙasa. Honda ya yi taurin kai ya dawo a 1979 da NR500 mai bugu huɗu da fistan masu siffar ƙwai, bai yi nasara ba, sai da ya sauko ya yi mai bugu biyu, Freddie Spencer ya ci masa a 1983. Haka aka tafi har 2002, lokacin da babban aji ya koma sunan MotoGP, aka buɗe ƙofa ga masu bugu huɗu na 990cc.

Riga da allon lamba

Rigar da ta lulluɓe babur har da tayar gaba, wadda Turawa suka yi wa laƙabi da kwandon shara, kyauta ce ga mai neman shekara. Ta yi tashe a tsakiyar shekarun 1950, aka hana ta daga 1958 saboda iskar gefe tana kwasar babur, birki kuma ba ya samun iska. Duk rigar da ta biyo baya ta bar tayar gaba a fili.

Launin allon lamba yana gaya maka aji: rawaya na 500cc, shuɗi na 350cc, kore na 250cc. Amma allo da fenti su ne mafi sauƙin canzawa, don haka shaida ce ta ƙarshe, ba ta farko ba. Dubi kuma ƙafar giya. A tsofaffin baburan Ingila da Italiya a dama take, birki a hagu.

Ba kowane babur ɗin gasa ne na kwalta ba, kuma waɗannan ganinsu ɗaya ya isa. Siriri marar birki sam, giya ɗaya, na zagayen fili ne da ake kira speedway. Mai ɗan ƙaramin sirdi da ciki a ɗage na gasar hawa duwatsu ne, inda sa ƙafa a ƙasa ke jawo maki na laifi. A nan ma an yi irin wancan juyin, lokacin da Sammy Miller ya bar Ariel mai nauyi ya koma Bultaco na Sifaniya mai bugu biyu a tsakiyar shekarun 1960. Mai ƙaton tanki da dogayen ƙafafu na hamada ne, zuriyar Yamaha XT500 da Cyril Neveu ya ci tseren Paris zuwa Dakar na farko da shi a 1979.

Na asali ne ko kwafi?

A nan dole ka sassauta zuciya. Babur ɗin tsere kayan aiki ne, ana faɗuwa da shi, ana canza masa inji tsakanin gasa da gasa, a sayar wa mai ƙaramin ƙarfi ya ƙara masa abin da ya samu. Norton ya daina ƙera Manx, babur ɗinsa na tsere mai silinda ɗaya, a farkon shekarun 1960, amma har yanzu akwai masu ƙera sabo fil daga kusoshi har tanki, kuma da yawan waɗanda ake tsere da su a gasannin tsofaffin babura irin waɗannan ne. Ba laifi ba ne muddin an faɗa. Norton ɗin da ya kunyata ni ma mai shi bai yi ƙarya ba, ni ne ban tambaya ba.

Abin da za ka nema shi ne lambar ƙashi da lambar inji, da takardun da suka nuna hannun da babur ya bi, da tsohon hoto da za ka gwada. Duba walda: ta da hannu ce, ba ta cika daidaita ba. Duba kan kusoshi, za ka ga an huda su an ɗaure da siririyar waya don kada girgiza ta kwance su, kuma ramin da ya sha waya shekara da shekaru ba ya kama da na jiya. Babur ɗin da aka ce ya yi gasa goma amma babu ƙwarzane ko ɗaya a ƙarƙashin salansa ko ƙarshen wurin taka ƙafa, ka yi masa tambayoyi. Don horar da ido, nemi hotunan gidajen tarihi da aka san asalin kayansu, kamar na Moto Guzzi a Mandello del Lario, na Honda a Motegi, na Sammy Miller a kudancin Ingila, da na Barber a jihar Alabama.

Idan Allah ya sa ka samu inda za a tayar da ɗaya, tsaya ka kalli yadda ake yi, don babu kik babu maɓalli. Har tsakiyar shekarun 1980 da turi ake fara gasar duniya. Ana sa giya, a ja babur baya har fistan ya tokare, a riƙe kuloci, a ruga da gudu, a faɗa kan sirdi a gicciye don tayar baya ta kama ƙasa, a saki kuloci a daidai wannan lokaci. A Manx za ka ga sifirin ɗin bawul a waje suna rawa, suna feshin mai, kuma idan man zurman da ake kira Castrol R aka zuba masa, ƙamshinsa zai bi ka har gida. Rufe ido ka saurara. Mai silinda ɗaya bugu yake yi daki-daki kamar ana daka a turmi, MV yana ruri mai kauri, mai bugu biyu yana tatsatsa a ƙasa sannan ya tsage da tsiwa idan bututu ya kama. Hondan nan mai shida kuwa ba shi da nauyin da zai riƙe juyi, da an saki maƙura yake mutuwa, shi ya sa za ka ji makanike yana ta murza shi ba hutawa, waɗanda ke kusa kuma duk sun toshe kunnuwa.